Likita ya ce a cire turmin, Inna ta ce ido zai tafi

Maman Ilham (Tudun Jukun):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa. Baban Ilham ne ke fama da haƙori, turmin ƙasa na gefen dama, yau kusan wata bakwai yana tashi yana kwanciya. Da farko sai ya sha ruwan sanyi yake tsarga masa, daga baya ya koma zogi cikin dare har ya daina barci. Ya sa kanumfari, ya sha maganin kemis, ciwon ya ɗauke kusan wata biyu, muka ce alhamdulillahi an rabu. Shekaranjiya muka tashi kumatu ya kumbura. Jiya ya je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce haƙorin ya ruɓe har ƙasan dasashi, babu abin da za a ceta, cirewa za a yi. Da aka faɗa wa Inna, mahaifiyarsa, ta ce sam ba da yawunta ba, cire haƙori yana taɓa ido, kuma wanda ya fara cirewa ba ya dainawa. Yanzu ya tsaya tsakanin maganar likita da maganar uwa, ni kuma ina kallonsa ko tuwo ba ya iya ci.

Ɗanjuma mai walda (Sabon Gari):
Wa alaikumus salam. Anti, ki ce ya je a cire ya huta. Ni uku aka cire mini, kuma ga ni kullum a gaban wutar walda, da idona nake cin abinci. Ciwon haƙori ba abokin zama ba ne. Duk wanda ya dame ni, hanya nake ba shi.

Hajiya Ladidi (Ƙofar Doka):
Ɗanjuma ka bi a hankali, maganar manya ba a yar da ita haka. Ni na san wata a unguwarmu da aka cire mata na sama, ido ya kumbura ya rufe ruf, sai da ta yi sati ba ta gani da shi. Maman Ilham, tsutsa ce ke cin haƙorin nan. Akwai masu turare, a tara baki a kan hayaƙi, ki ga tsutsotsin sun zubo cikin ruwa da idonki. A gwada wannan tukuna kafin a kai ga ƙarfe.

Malam Aminu (Samaru):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa miki. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ake gani a ruwan nan 'ya'yan tsiron da aka ƙona ne, zafi ya fasa su, farin zaren cikinsu ya fito kamar tsutsa. Ba mu kaɗai muka taɓa yarda da wannan ba, Turawa ma sun daɗe a kai. Tun 1890 wani likitan haƙori ɗan Amurka mai suna Miller ya nuna yadda abin yake: ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ne ke narkar da ɓawon haƙori har ya yi kogo. Shayi mai sukari cokali huɗu safe da dare, lemon kwalba, alawa, a kwanta ba a wanke baki ba, su ne tsutsar.

Hajiya Ladidi (Ƙofar Doka):
To Malam, in babu tsutsa me ya sa ciwon ke lafawa bayan turaren?

Likita Hauwa:
Salamu alaikum. An jawo hankalina ga wannan magana, kuma haƙori ne aikina, don haka bari in sa baki. Hajiya, tambayarki ita ce ainihin wurin, kuma ita ce ta kai Baban Ilham inda yake yau.

Haƙori ba dutse ba ne. A waje akwai ɓawo mai tauri, a ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, a can tsakiya kuma akwai ɗaki mai jijiya da hanyoyin jini. Lokacin da ruwan sanyi ke tsarga masa, ruɓar ba ta kai ɗakin ba. Da ya zo a lokacin, ciko za a yi masa, zama ɗaya, ya tafi gida da haƙorinsa. Lokacin da ya koma zogin dare, ruɓar ta shiga ɗakin jijiya. Ko a nan ma da sauran dama, ana yin abin da muke kira aikin jijiya: a kwashe abin da ya lalace a ciki, a wanke hanyoyin saiwa, a toshe, a yi wa haƙorin hula. Sai kuma wata biyun da ciwon ya ɗauke. Maman Ilham, ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu, kuma mataccen abu ba ya jin zafi. Ƙwayoyin cutar suka ci gaba da aikinsu shiru, suka bi ta bakin saiwa suka fita zuwa ƙashin muƙamuƙi, suka tara mugunya. Kumburin da kuka gani ke nan. Turare ko kanumfari suna iya kwantar da zafi na ɗan lokaci, kanumfari ma akwai wani mai a cikinsa da mu kanmu muke amfani da shi a asibiti, amma ba sa mayar da abin da ya ruɓe.

Ba don haƙori yana ciwo ake cire shi ba. Ana cire shi ne in ya wuce gyara. Ban ga hoton maigidanki ba, amma in har ruɓar ta gangara ƙasan dasashi yadda ba sauran bangon da zai riƙe ciko ko hula, to maganar da likitansa ya faɗa ita ce maganar.

Maman Ilham (Tudun Jukun):
Innalillahi. Wato lokacin da muke murna a lokacin ne ya lalace. Likita, maganar idon fa? Ita ce ta fi tsaya wa Inna.

Likita Hauwa:
Jijiyar gani daban take, daga bayan ƙwayar ido take tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta bi ta haƙori. Balle shi nasa ma na ƙasa ne. Amma ban ce matar da Hajiya ta ambata ba ta kumbura ba, na yarda ta kumbura. Saiwar fiƙar sama doguwa ce, in ta tara mugunya kumburin yakan haura har fatar ƙasan ido ya rufe shi. Galibi mutane ba sa zuwa sai abin ya kai haka, a cire yau, gobe a ga ido a rufe, sai a ɗora wa cirewar. Ciwon da aka bari ya daɗe shi ke barazana ga ido, ba fitar da haƙorin ba.

Sista Rabi (Wusasa):
Bari in ƙara a kan ta Likita, don ni abin da na gani a ɗakin majinyata ya sa ba na wasa da turmin ƙasa. Mugunyarsa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa. Wuya ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago, mutum ya kasa haɗiye yawu, daga nan numfashi ya fara gagara. Na taɓa jinyar wani magidanci mai ƙarfi, manomi, da aka kawo a haka bayan kwana goma ana shafa masa magani a gida. Sai da aka huda masa maƙogwaro aka sa bututu kafin ya samu numfashi. Ya tashi, amma da kyar. Maman Ilham, in kika ga zazzaɓi, ko ya kasa buɗe baki, ko haɗiya ta yi masa wuya, ko murya ta canza, kada ku jira gari ya waye, ku nufi asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa a daren.

Ɗanjuma mai walda (Sabon Gari):
Kun ga maganata ta fito. A cire kawai.

Likita Hauwa:
A'a Malam Ɗanjuma, maganarka ba ta fito ba. A na Baban Ilham mun haɗu, amma "duk wanda ya dame ni hanya nake ba shi" ita ce maganar da ta fi ba ni takaici a wurin aiki. Babba haƙora 32 gare shi in sun cika, kuma wanda ya fita ba ya dawowa. In ka cire turmi ka bar giɓin, na bayansa yakan kwanto cikin gurbin, na sama da ke cizo a kansa yakan zazzago tunda ba abin da ke tare shi, abinci ya riƙa maƙalewa a sababbin wurare, ƙashin wurin kuma ya riƙa shanyewa. Sai ka koma tauna da gefe ɗaya, wancan gefen ya ɗauki aikin biyu. Abin da Inna ta ce, wanda ya fara ba ya dainawa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba cirewar ce ke jawo wata ba. Abin da ya ruɓar da na farko ne ba a daina ba.

Ɗanjuma mai walda (Sabon Gari):
Likita, da girmanki, amma bari in faɗa miki yadda abin yake a wajenmu. Na biyun da aka cire mini, an ce mini za a iya yin aikin jijiyar nan. Na tambayi kuɗi, aka faɗa mini, ya ninka na cirewa sau da yawa, ban da kuɗin hular, kuma sai na zo sau biyu ko uku. Kowane zuwa rufe shago ne, ga kuɗin mota. A makon nan kuɗin makarantar yara uku ke kaina. Ba rashin son haƙorina ba ne. Na zauna na auna haƙori ɗaya da karatun yara, na zaɓa. In za a yi wa mutane wa'azin ceton haƙori, a faɗa musu da me za su cece shi.

Malam Aminu (Samaru):
Wannan magana ta Ɗanjuma gaskiya ce tsagwaronta. Mu masu albashi ma haka muke aunawa.

Likita Hauwa:
Na karɓa, kuma ka yi haƙuri in maganata ta yi kama da zargi. Kusan kullum sai na cire haƙorin da na san zan iya cetowa, saboda mai shi ba shi da hali, kuma ba zan bar shi ya koma gida da mugunya a baki ba. In zaɓin ya rage tsakanin cirewa da zama da ciwon, cirewa ta fi sau dubu. Abin da nake roƙo ɗaya ne: akwai mataki kafin wannan, lokacin da ruwan sanyi ya fara tsargawa ko ka ga baƙin ɗigo ko nama ya fara maƙalewa wuri ɗaya. A wannan matakin ciko ne kawai, kuɗinsa bai kai na aikin jijiya ko kusa ba. Wannan matakin ne mutanenmu ke cinyewa a kemis, ana sayen maganin kashe zafi da na kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni. In ka haɗa abin da aka kashe a can, sau da yawa ya isa cikon.

Baba Shehu (Babban Dodo):
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta mini. Ni nawa ba su yi kogo ba ko ɗaya, tun ina yaro da asuwaki na tashi. Amma shekarun nan sai suka fara girgiɗa, dasashi na jini, biyu na gaba sun faɗi da kansu, wasu biyu aka cire mini tun ina zuwa asibitin koyarwa a Tudun Wada kafin a koma Shika. Lafiyayyen haƙori a hannun likita, fari tas. Har yau abin na damuna. Me ya kawo haka?

Likita Hauwa:
Baba, barka da warhaka, Allah ya ƙara lafiya. Naka ciwon dasashi ne, shi ne babban dalili na biyu bayan ruɓa, kuma a wajen manya shi ya fi yawa. Dauɗa tana taruwa a gindin haƙori ta daskare kamar dutse, asuwaki ko buroshi ba sa iya fitar da ita in ta kai haka. Dasashi ya yi ta kumburi a hankali, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya yi ta zaizayewa. Kamar bishiya ce lafiyayya da ruwa ya cinye ƙasar gindinta. Ba ya zafi sosai, shi ya sa ba a farga. Baba, kana da ciwon suga?

Baba Shehu (Babban Dodo):
Ina da shi, ya kai shekara ashirin.

Likita Hauwa:
To su biyun suna taimakon juna, Baba. Suga in ya hau yana ƙara ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. Waɗanda suka rage ana iya riƙe su: a je a yi wankin haƙori na asibiti a kankare dutsen, a riƙa maimaitawa, a kula da sugan. Wanda ya riga ya yi girgiɗa sosai har yana hana cin abinci shi ake cirewa. Kada a daina asuwaki, yana da amfani, a haɗa shi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare.

Nura (Kongo):
Anti Likita, ni ɗalibi ne, shekarata 21. Wani sabon haƙori ke fito mini can ƙarshen baya, rabinsa a waje rabi nama ya rufe. Sau biyu ke nan yana kumbura har in kasa buɗe baki sosai. Abokaina sun ce dole a cire duk irinsa.

Likita Hauwa:
Ba dole ba ne, ƙanena. Turamen ƙarshe ne, guda huɗu, sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Wanda ya samu wuri ya miƙe sosai, ana iya wanke shi, ba ruwan kowa da shi. Wanda ya rasa wuri ya kwanta ya tokare na gabansa, ko naman da ya rufe shi yake ta tara abinci yana kumbura, shi ake dubawa. Tunda naka ya maimaita, je ka a ɗauki hoto. Hoton yana da muhimmanci don saiwar na ƙasa takan kusanci jijiyar da ke ba leɓe ji, likita yana bukatar ganin tazararsu kafin ya taɓa.

Maman 'Yan Biyu (Gyallesu):
Ni tawa nadama ce zan faɗa ko wata uwar ta amfana. Hassana tana da shekara takwas turminta na baya ya yi baƙi. Na ce ai na nono ne, za ta yi famfara ya fita. Sai da ta kai goma sha ɗaya yana hana ta barci muka je, aka ce mini wannan na dindindin ne, kuma ya ƙare. Na yi kuka a wurin. Ban taɓa sanin akwai turmin girma da ke fitowa tun yaro na ɗan shekara shida ba, a bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba.

Likita Hauwa:
Allah ya saka miki da alheri da kika faɗi wannan, shi ne haƙorin da muka fi cirewa a bakin matasa. Na nono guda 20 ne, biyar a kowane gefe sama da ƙasa. Uwa ta ƙirga daga tsakiya, in ta ga na shida, na girma ne. Su ma na nonon ba a sakaci da su, su ke riƙe wa na girma wuri.

Malam Idris (Limancin Kona):
Maman Ilham, na bi maganar tun daga sama. Game da Inna, kada a mayar da abin gardama tsakanin uwa da ɗa, balle ke ki shiga tsakiya. Tsoro ne ya sa ta hana, tsoron kada ɗanta ya rasa ido, wannan ƙauna ce. Neman magani kuma abu ne da addini ya yi umarni da shi. Ya je da kansa ya durƙusa ya yi mata bayani, ko a samu babba a dangi da take jin maganarsa. In da hali a tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita.

Hajiya Ladidi (Ƙofar Doka):
Ni dai har yanzu ina ganin likitoci na saurin kai hannu ga ƙarfe. Amma maganar kumburin wuya da Sista ta yi ta tsorata ni, don na tuna wani maƙwabcinmu da ya rasu a haka, aka ce sammu ne. Maman Ilham, ku je. In Inna tana so ni zan kira ta, tsararta ce ni, za ta fi sakewa da ni.

Bashir (Ɗanmagaji):
Tambaya: akwai mai cirewa a kasuwa, arha, ba layi. Mene ne bambancinsa da asibiti tunda duk fitarwa ce?

Sista Rabi (Wusasa):
Bashir, rufa wa kanka asiri. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga naka ba a dafa shi a injin kashe ƙwayoyin cuta ba, hanyar ciwon hanta ce da cuta mai karya garkuwar jiki. Turmin ƙasa saiwa biyu gare shi, na sama uku, in ɗaya ta karye ta zauna a ciki ba hoton da zai gani. In jini ya ɓalle kuma ba abin da zai iya yi. Haka masu ɗiga ruwan batir a kogo ko danna asfirin a jikin dasashi, ƙona nama kawai suke yi.

Likita Hauwa:
Maman Ilham, kafin a fara ya faɗa wa likita duk abin da ke damunsa: hawan jini, suga, sikila, ciwon zuciya, ko yana shan maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa yi masa illa. Kada ya dakatar da wani magani da kansa. Ya ci abinci kafin ya je. Za a yi masa allurar kashe zafi, zai ji ana dannawa ana girgizawa amma ba zafi ba, in ya ji zafi ya ɗaga hannu a ƙara.

Bayan an cire, gudan jinin da zai kwanta a ramin shi ne maganin wurin, duk dokokin don kare shi ne. Ya cije audugar rabin awa zuwa awa ɗaya. Ranar farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar abu da tsinke, ba taɓa wurin da harshe ko yatsa, ba abu mai zafi. Kunu ko koko a bari ya huce. In yana shan sigari ya ajiye ta kwanaki. Alwala ya yi ta a hankali, ya sa ruwan ya bar shi ya zubo da kansa. Daga washegari ya riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan cin abinci. In gudan jinin ya fita, bayan kwana biyu zuwa huɗu zai ji zogi mai tsanani har kunne da wari a baki, ya koma a wanke a sa magani. In wuri ya warke a yi maganar cike giɓin, akwai na sakawa a cire, akwai wanda ake haɗawa da na gefe, akwai na dasawa a ƙashi, kowa da ƙarfin aljihunsa.

Maman Ilham (Tudun Jukun):
Jama'a na dawo da labari. Hajiya Ladidi ta kira Inna jiya da daddare, sun daɗe suna magana. Da safe Inna ta ce ita ma za ta bi mu, ta zauna a benci tana jan carbi har aka gama. An cire, an matse mugunya mai yawa, an rubuta masa magani. Da ya fito abin da ta fara yi shi ne ta ɗaga yatsu uku ta ce ya ƙirga, ya ƙirga, sannan ta yi hamdala. Likitan ya ga wani ƙaramin kogo a gefen hagu, ya ba shi ranar Talata mai zuwa ya dawo a yi ciko. Yanzu yana barci, karon farko cikin kwana biyar. Na kira Ilham na buɗe bakinta na ƙirga daga tsakiya, na shidan ya fito a ƙasa duka gefe biyu, kuma na dama akwai ɗan baƙin ɗigo a kansa. Likita, in kawo ta ranar Talatar tare da babanta?

Likita Hauwa:
Ki kawo ta. Ki ba ta abinci kafin ku fito, kuma kada kowa a gida ya tsorata ta da maganar allura.